BASHI DA LAMIRI: WA YA KAMATA A FARA BIYA?



Wata Lahadi cikin watan Agusta, bayan an tashi daga Mas ta biyu, wani malamin makarantar firamare ya biyo mu har gindin mangwaron da ke bayan majami'a. Ba ikirari ya zo yi ba, shawara ya zo nema, kuma da yardarsa muke ba da labarin, ko da yake mun sakaya sunansa. Ya zaro wata takarda da ta sha ninki daga aljihu, ya miƙo mana, ya ce, "Fada, ga abin da ya hana ni barci. Mutum uku suke bina, abin da ke hannuna kuwa ba zai raba ni da su duka ba. Wa zan fara biya?"

Ga abin da ke cikin takardar. Na farko wani kamfani ne mai ba da rance ta wayar hannu, yana binsa naira 60,000, da ruwa kashi 20 cikin 100 da ake ɗorawa kowane wata, kuma sun fara aiko masa da saƙo cewa in bai biya ba za su shaida wa duk wanda lambarsa ke cikin wayarsa cewa shi ɓarawo ne. Ta biyu wata gwauruwa ce mai sayar da hatsi a kasuwa, wadda ta auna masa masara ta naira 40,000 lokacin da matarsa ta haihu. Ba ta ɗora masa ko kwabo ba, ba ta kuwa taɓa zuwa ƙofar gidansa ba. Na uku magini ne da ya gyara masa ɗakin da ruwan sama ya zubar, saura naira 15,000 na ladan aikinsa. Malamin ya ce in ya cire abinci da kuɗin mota da 'yan buƙatun yara daga albashinsa, naira 30,000 take rage masa a wata.

Da farko mun ɗauka tambayar lissafi ce. Da muka zauna da ita sai muka ga ta lamiri ce, domin ba za a amsa ta ba sai an san mene ne bashi, da abin da ya rage a wuyan mutum idan mai binsa azzalumi ne, da kuma abin da ke wuyan shi kansa mai bin bashin.

Bashi amana ce

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manomi yana cin bashin taki, ɗan kasuwa yana karɓar kaya sai ya sayar ya biya, gwamnati ma tana cin nata. Saboda haka cin bashi ba zunubi ba ne, ba kuwa abin kunya ba ne a kansa. Amma mu duba abin da ke faruwa a lokacin da ake ba da shi. Mutum ɗaya ya fitar da abin da ke hannunsa yau, abin da ake gani a kuma taɓa, ɗayan kuwa ya ba da magana kawai, wato alkawarin abin da zai yi gobe. Ashe abin da mai cin bashi ya jinginar tun kafin gona ko keken ɗinki shi ne bakinsa. Ranar da ya ƙi biya da gangan, maganarsa ce ya karya, kuma mutum ba ya rayuwa cikin jama'a ba tare da ita ba.

Daga nan ne bambancin kyauta da biyan bashi ya fito. Kyauta daga ƙauna take fitowa, mai bayarwa yana da ikon bayarwa ko hanawa. Biyan bashi kuwa adalci ne, mayar wa mutum abinsa ne, babu godiyar da mai biya zai nema a kai. Katikisim na Ikilisiyar Katolika, wanda aka wallafa a 1992, ya sanya cika alkawari da biyan bashi a ƙarƙashin doka ta bakwai, wadda ta hana sata. Wannan yana da nauyi. Ma'anarsa ita ce, wanda yake da halin biya ya riƙe, yana riƙe da abin wani ne. Mun sha ganin mutum ya taso da rawa ranar Godiyar kaka, ya ajiye baiko mai kauri a gaban bagade, alhali wanda yake binsa yana zaune a bencin baya yana kallo. Irin wannan baiko da kuɗin wani aka yi shi, ba kuwa a tambayi mai kuɗin ba.

Akwai kuma wanda ake cuta da ba a ganinsa, wato mabukacin da zai zo gobe. Littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 15, ya kafa dokar yafe bashi kowace shekara ta bakwai, amma a cikin surar ne kuma aka gargaɗi masu hali kada su ƙi ba da rance don sun ga shekarar ta matso. Mai ba da dokar ya san halin ɗan Adam: inda ba a sa ran biya, hannun masu bayarwa yakan rufe. Mun ga haka da idonmu. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a Jihar Kebbi. Wasu sun yi noma da shi sun biya, amma da yawa sun ɗauke shi rabonsu ne daga arzikin ƙasa. A ƙarshen 2023 bankin ya dakatar da karɓar sababbin buƙatun irin wannan rance. Dalilan suna da dama, sai dai kowa ya sani rumbun da ake ɗiba ba a zubawa ba ya kai wa baɗi. Haka abin yake a adashin unguwa da asusun zumuntar mata: mutum ɗaya ya kwashe ya ɓace, goma su rasa.

Idan mai bin bashin azzalumi ne fa?

Malamin ya ce mana, "Fada, waɗannan na waya ai ɓarayi ne. In na canja layi na gudu, na yi laifi?" Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya.

Ikilisiya ta daɗe tana fama da batun kuɗin ruwa. A ƙarni na 4 Waliyyi Basil da Waliyyi Ambros sun yi wa'azi mai zafi a kan masu cin riba daga yunwar matalauta. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya kawo hujja cewa kuɗi kamar hatsi yake, amfani da shi shi ne ƙarar da shi, don haka wanda ya karɓi uwar kuɗinsa ya kuma karɓi ladan amfani da ita ya sayar da abu ɗaya sau biyu ke nan. Amma ya yarda a biya mai rance diyyar asarar da rancen ya jawo masa. A 1462 'yan ƙungiyar Waliyyi Faransis suka buɗe asusun ba matalauta rance a birnin Feruja na Italiya, suna karɓar ɗan abu kaɗan don biyan ma'aikata da tsaron kayan jingina. Gardama ta tashi a kan ko wannan ma riba ce, har babban taron Lateran na biyar ya yanke a 1515 cewa halal ne, muddin bai wuce abin gudanar da asusun ba. Maƙwabtanmu Musulmi sun tsaya a kan haramcin riba gaba ɗaya, shi ya sa aka sami bankuna marasa kuɗin ruwa irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012. Hanyoyin sun bambanta, amma damuwar ɗaya ce: kada buƙatar mutum ta zama gonar wani.

Mu auna da zamaninmu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024. Wanda ya ba da rancen naira 100,000 a farkon wannan shekara, aka mayar masa da ita cif a ƙarshenta, ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kuɗin ke iya saya. Don haka ba kowane ƙari ne zalunci ba. Amma kashi 20 a wata kashi 240 ne a shekara, ko da ba a ɗora ruwa a kan ruwa ba, wato kusan ninki bakwai na wannan hauhawar. Babu asara ko kasada da za ta wanke irin wannan. Ko a ƙauye mun san ɗan'uwansa, wato ba-da-kaka: a karɓi buhu ɗaya a Agusta, a biya biyu a Nuwamba. Gaskiya ne hatsi ya fi tsada da damina, kuma adalci ne a lissafa wannan bambanci, amma abin da ya haura shi daga cikin yaran mai bashin ake yankarsa.

To, me ya rage a wuyan malamin? Uwar kuɗin tana nan a wuyansa, domin ya karɓa ya kuma ci, kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. Muguntar mai rance ba ta mayar da kuɗinsa namu. Game da ruwan da ya wuce kima, Akwinas ya koyar cewa wanda larura ta sa ya karɓi irin wannan rance bai yi zunubi ba, laifin yana kan wanda ya ci moriyar larurar. Saboda haka malamin yana da cikakken iko ya nemi a rage masa, ya kuma kai ƙara inda doka ta tanada. Tozarta mai bashi a gaban danginsa da abokan aikinsa ɓata suna ne, doka ta takwas ta hana shi, dokar ƙasa ma ba ta yarda da shi ba. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar wani kamfanin rance naira miliyan 10 saboda aika saƙonni ga mutanen da ke cikin wayoyin masu bashi. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas, daga baya ta wajabta musu rajista. A 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance shiga jerin lambobi da hotunan da ke cikin waya, a shekarar ce kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a.

Gudu kuwa, ban da kasancewarsa karya alkawari, ba ya fisshe kowa. Tun 2017 akwai dokar da ta tsara aikin kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, bankuna kuma suna dubawa kafin su ba da rance. Tun watan Agusta na 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mai bashin da ke wani banki dabam, ta hanyar lambarsa ta BVN, bisa takardar da ya sa wa hannu lokacin karɓa. Mutum yana iya jefar da layin waya a rijiya, amma sunansa yana nan a rubuce.

Lissafi da adalci

Yanzu mu koma ga tambayar farko. Masu ilimin kuɗi suna ba da shawara a fara kashe bashin da ya fi ruwa, kuma lissafinsu daidai ne. In malamin ya zuba dukan naira 30,000 ga kamfanin, zai gama da su a wata na uku, ya biya jimillar naira 84,480. In kuwa ya sallami magini a watan farko ya ba kamfanin 15,000, sa'an nan ya riƙa ba gwauruwar 10,000 kamfanin kuma 20,000 kowane wata, ba zai rabu da kamfanin ba sai a wata na shida, kuma abin da zai biya su zai kai kimanin naira 108,000. Bambancin ya kai naira 23,500. Ga mai naira 30,000 a wata wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin makarantar yaro ne, kuma aljihun azzalumi zai shiga. Hikima ma ɗaya ce daga cikin kyawawan halaye, ba za mu ce wa mutum ya yi wauta da sunan tsoron Allah ba.

Amma mu lura da inda wannan lissafi yake kai mu in muka bi shi ido rufe. Wanda ya fi tsananta mana shi ne kullum a gaba, wanda ya tausaya mana shi ne kullum a baya. Gwauruwar ta zo ƙarshen layi ne don ba ta ɗora ruwa ba, ba ta kuma yi barazana ba, wato alherinta ne ya zama dalilin hora ta. In muka duba zukatanmu da gaskiya, yawancinmu ba lissafi muke bi ba ma, tsoro muke bi. Muna biyan wanda zai iya kunyata mu, mu bar wanda ya rufa mana asiri. Al'ummar da ta saba da haka tana koya wa masu kirki cewa kirki asara ne, ba da daɗewa ba kuwa za a nemi mai auna masara bashi a rasa, a bar mu da masu waya kaɗai.

Game da magini babu dogon tunani. Abin da yake bi ba rance ba ne, guminsa ne. Dokar Musa ta hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai aiki, kuma koyarwar Ikilisiya ta lissafa danne ladan ma'aikaci cikin zunuban da kukansu ke kaiwa sama. Mai aikin yini da abin da ya samu yau yake ciyar da gidansa yau. Shi ne na farko, ko da za a yi asara a wani wurin.

Batun gwauruwar ya fi wuya, domin ana iya cewa kashe bashin kamfanin da sauri ita ma zai amfane ta: in ruwan ya haɗiye malamin, ba za ta ga ko sisi ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, mun kuwa yarda da ita. Sai dai akwai abin da ta tsallake. Watannin da malamin yake so ya jinkirta ba nasa ba ne, na gwauruwar ne. Jarinta ne yake kwance a gidansa, ita ce ta san ko za ta iya jira ko ba za ta iya ba. Idan ya yanke shawarar jinkirta mata shi kaɗai, ya sake cin wani bashin ke nan daga hannunta ba da saninta ba. Idan kuwa ya je ya buɗe mata takardar, ta duba ta ce ta yarda, jinkirin ya zama kyautar da ta ba shi da hannunta. Kuɗin da ranar biya duk ɗaya ne a hanyoyin biyu, amma a ta farko ya mayar da ita abin amfani, a ta biyu ya girmama ta a matsayin mai haƙƙi.

Abin da muka gaya masa ke nan. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Fada, wata biyu ke nan ina zagaye layin 'yan hatsi don kada mu haɗu." Muka ce masa wannan zagayen ya fi rashin biyan ciwo a wurinta. Washegari ya sallami magini, ya wuce kasuwa. Ya dawo ya ba mu labari cewa da ya durƙusa ya ce, "Mama, na zo ne da kunya, ba da kuɗi ba," sai ta ce, "Malam, ai na zaci na yi maka wani laifi ne. Kuɗin ba na bukatarsu yanzu, amma in Nuwamba ta yi ina so in sari sabuwar masara tun tana da araha. Kada ka bar ni in rasa kakar nan." Ya sayar da awaki biyu da yake turke don Kirsimeti, ya rage bashin kamfanin da su, ya ƙarasa shi a wata na biyu. Gwauruwar ta karɓi kuɗinta kafin sabuwar masara ta cika kasuwa. A gidan malamin ba a yanka kome ba a Kirsimetin wannan shekara.

Abin da ke wuyan mai bin bashi

Kada masu hali a cikinmu su karanta wannan su ce an gama magana, domin su ma akwai nasu. Dokar Musa ta hana karɓar dutsen niƙa a matsayin jingina, saboda da shi gida yake ci. Ta ce in an karɓi mayafin matalauci a mayar masa kafin rana ta faɗi, ta kuma hana mai rance shiga ɗakin mai bashi don ɗaukar jingina, sai dai ya tsaya a waje a kawo masa. Dukan waɗannan abu ɗaya suke karewa: ana bin mutum kuɗi, amma ba a bin sa mutuncinsa ko hanyar cin abincinsa. Wanda ya ƙwace keken ɗinkin tela ko garmar manomi ya toshe hanyar da za a biya shi da kansa.

Wajibi ne kuma mai bin bashi ya bambanta wanda ya ƙi da wanda ya kasa. A misalin da Ubangijinmu ya bayar cikin Matiyu sura ta 18, an yafe wa wani bawa talanti dubu goma, shi kuwa ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari ɗari, ko da yake ɗan'uwan bai musa bashin ba, lokaci kawai ya roƙa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa masu gaskiya sun kasa cika alkawarin da suka ɗauka da zuciya ɗaya, domin albashin da ke kai su ƙarshen wata ya daina kaiwa. Irin waɗannan sun cancanci a ƙara musu lokaci, ko a yafe ruwan, ko a yafe wani kashi in mai bi yana da hali. Ko tsakanin ƙasashe an yi haka. Bayan kiraye-kirayen Jubili na 2000, waɗanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ba ƙarfi, ƙasashen ƙungiyar Faris sun yafe wa Nijeriya kimanin dala biliyan 18 a 2005, ita kuma ta biya kimanin biliyan 12. Yafewa da biya tare suka tafi. Sai dai mu riƙe wannan: yafewa kyautar mai bi ce, mai bashi yana iya roƙonta, amma ba shi da ikon yafe wa kansa. A Littafin Sarakuna na Biyu, sura ta 4, lokacin da mai bin bashi ya zo kwashe 'ya'yan wata gwauruwa biyu, annabi Elisha bai soke bashin ba. Allah ya yawaita ɗan man da ke gidanta, aka ce ta sayar ta biya, ta rayu da sauran.

Kafin a miƙa hannu

Rigakafi ya fi magani. A ganinmu bashi iri uku ne. Akwai na ceto, wanda ciwo ko yunwa ke jawowa, babu mai zargin wanda ya ci shi. Akwai na jari, kamar na taki ko injin niƙa ko karatu, wanda ake sa ran zai haifi abin biyan kansa. Rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya da aka fara a 2024 yana cikin wannan, ba shi da ruwa, amma rance ne, ana soma biyansa shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kuma ƙannen mai karɓa suna jiran abin da zai mayar. Sai na uku, bashin idon jama'a: na anko, na biki, na jana'izar da ta fi ƙarfin gida, na sabuwar waya, da na cacar ƙwallo da ke cinye samarinmu. Zanen aro ba ya rufe katara. A nan laifin ba na mai cin bashin kaɗai ba ne. Mu da muke zuwa gidan makoki mu zauna kwana uku muna jiran shinkafa da nama, mu koma muna cewa ba a yi wa mamaci gata ba, mu ne muke tura gwauraye da marayu hannun masu rance.

Duk wanda zai karɓi rance ya tambayi kansa abu huɗu. Nawa zan mayar gaba ɗaya, a naira, ba a kashi cikin ɗari ba? Daga ina kuɗin biyan zai fito, in albashi ya makara ko damina ta ƙi? Matata ko mijina ya sani? Domin bashin ɓoye yakan fito fili ne ranar da mai shi ya kwanta ciwo ko ya mutu, ya faɗa kan wanda bai ci ba. Na huɗu, an rubuta? Rubutu da shaidu tsakanin 'yan'uwa ba rashin yarda ba ne, kare zumunci ne daga mantuwa. Wanda kuma aka roƙa ya tsaya wa wani, ya sani ranar da ya sa hannu bashin ya zama nasa, kada ya tsaya wa abin da ba zai iya biya ba. Cin sabon bashi mai ruwa don toshe tsoho kuwa, shi ne tsallen da ake yi sau ɗaya a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Wa'azi kaɗai ba zai raba mutanenmu da masu waya ba, sai an buɗe musu wata ƙofa. A 1955 wani fada mai suna John McNulty ya kafa ƙungiyar ajiya da rance a Jirapa, arewacin Gana, wadda ake lissafawa ta farko irinta a Afirka. A 1963 Fada Anthony Jansen ya kafa wata a Njinikom ta ƙasar Kamaru. Dabararsu mai sauƙi ce: jama'ar da suka san juna su riƙa tara kaɗan-kaɗan, su ranta wa junansu da ɗan ruwa mai sauƙi, ribar kuma ta dawo musu. Adashin iyayenmu mata ne aka yi wa littafi da doka. Da malamin nan yana da irin wannan asusu a kusa ranar da matarsa ta haihu, da bai taɓa wayar ba. Muna roƙon majalisun ikilisiyoyinmu da zumuntar maza da ta mata su sa wannan batu a gaba a taronsu na gaba, su nemi masu riƙon amana da sanin lissafi, a kuma riƙa karanta littafin asusun a gaban kowa.

Ga kowane ɗayanmu kuwa, abin da malamin ya yi shi ne mafari. A daren yau mu ɗauki takarda mu rubuta sunan duk wanda yake binmu, da adadin, da ruwan, ba tare da rage ko ɗaya ba. Mu sa ladan ma'aikaci a sama. Mu ja layi a ƙarƙashin sunan wanda muka fi daɗewa muna kauce wa hanyarsa, mu je wurinsa cikin makon nan, ko da hannunmu wofi ne, mu gaya masa gaskiya mu sa rana tare. Masu bin bashi kuma su rubuta tasu takardar, su duba wanda ya kasa ba don son ransa ba.

Allah ya ba masu bashi ikon biya da ƙarfin halin faɗin gaskiya, ya ba masu bi zuciyar jinƙai, ya kuma sa mu bar duniya ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba. Amin.